Kwikwiyar da Shergazi Ya Binne

A duk kwarin At-Bashi babu wanda ya kai Shergazi sanin kare. Shi ya faɗa, kuma ba a taɓa samun wanda ya musa masa ba. Tsoho ne dogo, mai gajeriyar magana, farar hularsa ba ta taɓa karkacewa. A aji huɗu ya bar makaranta ya bi mahaifinsa dutse. Amma a ajiye masa kwiyakwiyai shida 'yan kwana goma, zai ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta fatar wuya, ya ce wannan na farautar kerkeci ne, wannan na dila, wannan kuma a ba makiyayi ya riƙa yi masa haushi. Yadda ya faɗa, haka ake gani.

Karensa Ucar baƙi ne, taigan na asali, irin karnukan farautar nan masu gashi a kunne da zobe a ƙarshen wutsiya. Shekararsa bakwai. Daga Narin har Kockor, duk mai karya ta kirki burinsa a ce 'ya'yanta na Ucar ne. Shergazi kuwa sau uku kawai yake buɗe ƙofar garke a shekara. Sharuɗɗansa kowa ya haddace su. Karya ta cika shekara biyu. A ga shaidar allura. A duba haƙoranta da ƙugunta. A kai ta dutse ya ga gudunta da idonsa. A faɗi gidajen da 'ya'yan za su je, don shi ba ya tara wa 'yan birni abin ɗaurewa a ƙofar shago. Na ƙarshe shi ne babba: kakanni bakwai. Yadda mutumin kwarin ba ya auren macen da suka haɗa kaka a cikin bakwai, haka Ucar. Ranar barbara sai an kira dattawa biyu, mai kare ya jero kakannin karensa, mai karya ya jero nata, a tabbatar ba su haɗu ba. Sannan a zare sakata.

Akwai masu yi masa dariya. Yakan ce, "Ku je ku dubi karnukan ƙauyen gangare. Uba ya hau 'ya, ɗa ya hau uwa. Yanzu haɓa a karkace, ƙugu kamar na tsohuwar tunkiya. Ku yi dariyar a can."

A ƙarshen kaka, ƙanƙara ta sauko har rabin dutse, sai ga motar surukinsa Imanali daga Kockor. 'Yar Imanali ce ke auren ɗan Shergazi. Gajere ne, mai tumbi, mai fara dariya tun ba a gama labari ba. Baƙo irin wannan ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya ci kan rago. Aka yanka, aka dafa. Matar gidan, Burul, ta murza taliya. Aka ajiye kan a gaban baƙo, ya ciro ido ya raba biyu, ya miƙa wa maigida rabi. Da aka wanke hannu, Shergazi ya yi tambayar da al'ada ta ɗora wa maigida.

"Suruki, akwai abin da idonka ya gani a gidan nan? Faɗi, naka ne."

"Ba zan ɗauke maka komai ba. Aro na zo. Aron ango."

"Wane ango? Ɗaya gare ni, kuma 'yarka ta riga ta gama da shi."

"Baƙin nan na garke nake nufi. Amaryar tana mota. Shamal sunanta. Sau biyu tana cin tseren Kockor. Yau kwananta tara da shiga lokacinta."

"Ka san sharuɗɗa."

"Ko akuyoyina sun san su. Idan ta cika fa?"

"Idan ta cika, ƙofa a buɗe take."

Imanali ya juya. "Burul, kin dai ji."

"Na ji," in ji ta.

Aka buɗe bayan motar. Karyar ta diro kamar ruwa ya zubo. Baƙa ce wuluk, doguwa, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗage. Irin karyar da Shergazi yakan gani sau ɗaya a shekara goma ce. Ba ta kalle shi ba. Ta ɗaga hanci, ta shaƙi iskar gidan, ta fizge igiya daga hannun Imanali, ta shige ɗaki. Suka bi ta. Ta tsallake shimfiɗa, ta zagaya bayan murhu, ta cusa kanta a ɗan lungun da ke tsakanin murhun da akwatin katako. Ta juya sau biyu ta kwanta. Rabin jikinta ne kawai ya shiga.

Ludayi ya faɗi daga hannun Burul.

"Ikon Allah," in ji Imanali. "Ko a gidana ba ta shiga ɗaki."

Shergazi ya dubi kunnen karyar na hagu. Akwai ɗan tabon ƙuna a gefensa, inda gashi bai fito ba. Ya san tabon. Ya san ranar da aka yi shi.

Shekara uku da suka wuce, wata karyar gidan mai suna Sarala ta haifa wa Ucar shida. Biyar ƙosassu. Ta shida kamar ɓera, wutsiya a miƙe, ba alamar zobe, 'yan'uwanta suna ture ta daga nono. Shergazi ya ɗaga ta a gaban mutane ya ce, "Wannan ba kare ba ce. Ba za ta ga bazara ba." Burul ta ɗauke ta ta kai bayan murhu, tana ba ta nonon akuya da cokali. Ta sa mata suna Loma, don a lokacin loma ɗaya ce. Kwana arba'in, kwana sittin, abu ya ƙi mutuwa. Duk wanda ya zo shan shayi sai ya leƙa bayan murhu ya ce, "Tsoho, gawar nan taka tana cin abinci fa." Ranar da Burul ta tafi biki garinsu, wani direban motar kwal ya tsaya neman ruwa. Shergazi ya miƙa masa kwikwiyar ta taga, ya ce ya tafi da ita inda hanya ta ƙare. Ya tara ƙasa a bayan garke, ya ɗora dutse. Da Burul ta dawo ya nuna mata. Ƙauye kuwa ya ce lallai idon Shergazi ba ya kuskure.

Da la'asar Burul ta same shi a rumfar itace yana faskare abin da ba ya bukatar faskarewa.

"Tsoho."

"Na'am."

"Matattu sun fara tashi. Ka shirya?"

"Kama ce. Karnuka suna kama da juna."

"Har da ƙunar murhuna a kunne? Shekara uku ina kewaye tudun can da bokitin toka, kada in zuba mata a kai. Me ka binne?"

Ya sari itace. "Ƙasa."

"Ƙasa ka binne a cikin ƙasa."

"Rage murya, tsohuwa."

"To ga shi nan. Ko ka aura wa uba 'yarsa, ko ka tashi gaban dattawa ka ce idonka ya yi kuskure, bakinka kuma ya rufa masa asiri. Ni ba zan ce komai ba. Kallo zan yi."

"Akwai hanya ta uku."

"Allah ya kai mu. Zan soya gyaɗa."

Hanya ta uku kwanaki ce. Karya ba ta karɓar namiji sai na kwana huɗu, in ta daɗe biyar. Idan ya cinye su da dabara, Imanali zai koma Kockor da karyarsa, sai wata shida. Kafin nan mutum yana iya mutuwa da mutuncinsa.

Washegari aka fito da Shamal tsakar gida don dubawa. Maƙwabta suka jeru a kan katanga. A cikinsu har da Orozbai, wanda gidansa ke ƙarshen ƙauye. Shi ma yana da taigan, wani toka-toka mai suna Tuigun. Shekara biyar Shergazi bai taɓa kiran karen nan da sunansa ba. Ɗan akuyar Orozbai yake ce masa.

Shergazi ya buɗe bakin karyar. Haƙora a jere, na sama sun rufe na ƙasa kamar almakashi. Ya danna ƙugunta da ƙarfi, ko motsi ba ta yi ba. Ya juya tafin ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Ya kama ƙarshen wutsiya ya sa yatsa zai miƙe zoben. Ya ƙi miƙewa. Ƙashin ya haɗe yadda ake so. Zoben da ya ce ba zai taɓa fitowa ba ne.

"Ta cika tsawo," in ji shi.

"Tsawon ne ke cin hanya," in ji Imanali.

"Kunnen nan da tabo."

"Ba da kunne za ta haihu ba, suruki."

"Allura fa?"

Imanali ya zaro takarda daga aljihun hagu.

"Gidajen da 'ya'ya za su?"

Ya jero maharba biyar. Duk Shergazi ya san su, kuma babu na banza.

"Kakanni."

Ya zaro wata takardar daga aljihun dama, mai hatimi har biyu. A Bishkek ya samo karyar, in ji shi, hannun wani mutum da ya ce daga duwatsun Alai aka kawo ta. Ya sa tabarau. "Ubanta Baron. Kakanta Graf."

"Baron? Sunan Turawa?" in ji Shergazi. "Wane maharbi ne a Alai zai tsaya kan dutse yana ihun Baron? Ai dila ma sai ya tsaya dariya."

"Takarda ce ta faɗa. Ko kai ka san wani uban nata daban?"

Shergazi ya dubi katanga. Idanu goma sha biyu. Ya ce, "Ban ga gudunta ba. Gobe."

Aka kulle Shamal a ɗakin hatsi. Kafin azahar karnukan ƙauye sun taru a ƙofar gida, gurgu da mai ido ɗaya da wanda ba a taɓa sanin mai shi ba. Shergazi ya ɗauki kujera da sanda ya zauna a bakin ƙofar. Karyar baƙo amana ce. Mutumin da maharba ke sauka daga doki su gaishe shi ya wuni yana korar karnukan bola. Ucar kuwa ya ƙi cin abinci. Ya sa hanci a tsagar garke yana wani irin kuka mai ban kunya.

Ranar gudu Shergazi ya ba surukinsa dokin da ya fi kowanne rashin sauri. Orozbai ya bi su ba a gayyace shi ba. Shergazi ya wuce filin da kowa ke gwada kare, ya kai su gangaren tsakuwa, inda ƙafa ke zamewa kuma dila ba ya yawan fitowa. Suka zauna tun hantsi har rana ta karkata. Imanali ya cinye burodin da aka ƙunso musu duka.

"Yau babu rabo," in ji Shergazi. "Sai gobe."

Bai rufe baki ba sai ga dila ya fito daga ƙarƙashin wani dutse, ja, ƙato, ya nufi sama. Imanali ya saki igiya.

Kare na banza bayan dila yake bi, ya ci tsakuwa a fuska. Shamal ba ta bi bayansa ba. Ta yanka ta sama, ta haye gangaren kamar a kan shimfiɗa, ta tsaya masa tsakaninsa da raminsa. Dila ya juya. Ta sauko masa, ta doke shi da kafaɗa, ya wuntsila, kafin ya tashi wuyansa yana bakinta.

Wani ya yi ihu, "Kama! Kama, 'yar albarka!" Shergazi ya duba ya ga shi da kansa ne ke ihun. Yana tsaye a kan likkafa, hularsa tana gangarawa ƙasa ita kaɗai.

Orozbai ya sauka ya ɗauko hular, ya kaɗe ta a hankali, ya miƙa masa.

"Kare ɗaya na sani mai yanka ta sama ya doka da kafaɗa," in ji shi.

"Ba ka san karnuka da yawa ba. Akuya ka sani."

"Ban ce komai ba. Ashe Baron ma haka yake yi."

A hanyar komawa Imanali ya ce, "To, gobe?"

"Gobe," in ji Shergazi, ya sa wa dokinsa ƙaimi.

Da safe kafin baƙo ya fito, Shergazi ya shiga garke da tsumma da kitsen rago da baƙin tukunya. Ya naɗe ƙafar Ucar ta gaba, ta hagu. Karen ya dube shi, ya dubi ƙafar.

"Kada ka kalle ni. Don kai nake yi."

Wurin shan shayi ya girgiza kai. "Ucar ya taka ƙusa. Ba na haɗa kare mai ciwo."

"Ayya," in ji Imanali. Ya je ya leƙa, ya tsaya ya daɗe yana jajantawa.

Da rana Burul ta ce tsumman ya yi datti, za ta canza. Shergazi yana bakin ƙofa da sandarsa, ya ce ta canza. Da Imanali ya sake leƙawa bayan azahar sai ya kira shi.

"Suruki, ciwon nan yawo yake yi? Da safe yana gaba hagu. Yanzu ya koma baya dama."

Shergazi ya juya ya nemi matarsa. Tana shanya tufafi, fuskarta kamar ta mai salla.

"Ƙusa biyu ne," in ji shi.

A daidai nan Ucar ya gaji da jira. Ya ja da baya, ya taka kwamin ruwa, ya taka katanga, sai ga shi a kan rufin rumfar ciyawa, tsaye a kan ƙafa huɗu, tsumma yana lilo. Daga rufin nan zuwa tagar ɗakin hatsi tsalle ɗaya ne, kuma tagar ba ta da murfi. Shamal ta amsa daga ciki.

Shergazi bai san lokacin da ya yar da sanda ba. Shekararsa saba'in da ɗaya, tsani kuma ya girme wa ɗansa. Ya haye shi. Ucar ya tanƙwashe zai yi tsalle, tsoho ya faɗa masa ya rungume ƙafafunsa na baya. Rufin ya yi ƙara. Su biyun suka ɓurma cikin ciyawa.

Da ya fito, ciyawa har cikin gemu, kare a rungume a ƙirjinsa yana zillo, Imanali yana zaune a ƙasa, dariya ta hana shi tashi.

"Gurgun ya warke, alhamdulillahi! Ban taɓa ganin mai kare yana kokawa da karensa don ya hana shi aure ba. Gobe da hantsi, suruki. Gobe kwananta goma sha uku. Jibi an rufe kasuwa. Ka yi alkawari a kan kan rago, matarka shaida."

"Na ji," in ji Burul daga wurin shanya.

Hantsi ya yi. Rabin ƙauye ya zo. Dattawan shaida biyu suka zauna a kan benci: Orozbai, da wani tsoho kurma da ake kira kullum saboda ba ya gardama. Imanali ya tsaya riƙe da Shamal. Ucar yana bayan ƙofa yana tonon ƙasa. Burul ta fito da kujerarta ta zauna a inuwa, da kwanon gyaɗa a cinya.

Shergazi ya ɗora hannu a kan sakata. Ya jero kakannin Ucar, bakwai, kowane da sunan maharbin da ya riƙe shi. Na huɗun shi ne wanda mahaifinsa ya ɗauko a cikin riga daga bayan dutse. Na bakwan kuwa ko mahaifin nasa labarinsa kawai ya ji. Duk tsawon zuri'ar nan babu haɓa ɗaya a karkace.

Imanali ya sa tabarau, ya buɗe takarda. "Ubanta Baron."

Abin da ya rage ɗan ƙarfe ne a ja shi gefe. Babu wanda zai taɓa sani. 'Ya'yan ma ƙila su fito lafiya, ko huɗu a cikin shida. Sauran biyun a ce ƙaddara ce. Maharba biyar za su karɓa, su haɗa da nasu karnukan, suna cewa daga hannun Shergazi ne, ba sai an duba ba. Ya dubi Shamal. Ta dube shi da idanun Sarala.

Ya ɗauke hannunsa daga sakata.

"Naɗe takardar nan, suruki. Ka kunna murhu da ita."

Ya juya ya fuskanci dattawa.

"Ubanta Ucar. Uwarta Sarala. Sauran kakannin yanzu kuka ji su. A ɗakin can aka haife ta. Ba za a buɗe ƙofar nan ba."

"Wace 'yar Sarala?" in ji Orozbai. "Biyar ɗin duk na san inda suke."

"Ta shida."

"Ta shida ai ta mutu. Kai ka ce ba za ta ga bazara ba. Mun ga kabarin."

"Ta ga bazara uku. Ni na ba direban kwal ita. Kabarin ƙasa ce."

Kurman ya dafa kunne. "Me ya ce?"

"Ka maimaita masa," in ji Orozbai. "Shaida ne. Dole ya ji."

Shergazi ya matsa kusa da kunnen tsohon. Ya faɗa da ƙarfin da har matan da ke bakin rafi suka ji. "Na ce idona ya yi kuskure! Wadda ta fi duka na jefar! Sannan na yi ƙarya!"

"Oho," in ji kurman. "To ai shi ke nan."

Dariya ta fara daga kan katanga ta gangaro. Shergazi ya tsaya a miƙe ya bari ta wuce ta kansa. Imanali ya ninke takardarsa ya mayar aljihu, yana share hawaye.

"Mutumin Bishkek ɗin ya sha shayina ya saki baki," in ji shi. "Ya ce gaskiya daga wani direba ya same ta, shi kuma direban wani dogon tsoho ne mai ɗaure fuska a At-Bashi ya cusa masa ita ta taga. Na ce a'a, ba dai surukina ba. Surukina idonsa ba ya kuskure."

"Ka sani, ka bar ni na hau tsani?"

"Tsanin ban sa shi a lissafi ba. Kyauta ce daga Allah."

"Da na zare sakatar fa?"

Imanali ya daina dariya. "Da na ja karyata na sa a mota. Kuma da ban sake cin kan rago a gidan nan ba." Sannan tumbinsa ya fara rawa da dariya kuma. "Amma yanzu ga amarya, ga kwana ɗaya ya rage, babu ango. Kai ka cinye min huɗu. Kai za ka nemo."

Shergazi ya gyara tsayuwa. Sannan, ba tare da ya dubi benci ba, ya fara jero wasu sunaye. Bakwai, kowane da maharbinsa, babu tuntuɓe. A na uku Orozbai ya buɗe baki. Kakannin Tuigun ne.

"Ba su haɗu da nata ko ɗaya ba," in ji Shergazi. "Ƙugunsa lafiya. Haƙoransa lafiya. Na ga gudunsa sau tara."

"Yaushe?"

"Daga nesa."

"Wa kake nufi ne wai? Ni akuya gare ni."

"Tuigun."

"Kurma bai ji ba."

"Kada ka wuce gona da iri, Orozbai."

Orozbai ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Ni ma ina da sharuɗɗa. Amma na ga haƙoranta, na ga gudunta, kakanninta kuma yanzu na ji su daga baki mai daraja. Saura ɗaya. A gidana dangin uba ke kawo amarya. A ƙafa. Ta tsakiyar gari."

Shergazi ya miƙa hannu. Imanali ya sa masa igiyar.

Kafin su fita, Burul ta ajiye kwanon gyaɗa, ta ɗauko bokitin toka, ta zagaya bayan garke. Ta ture dutsen da ƙafa, ta juye tokar duka a kan tudun. Ta dawo ta durƙusa, ta kama kunnen karyar mai tabo.

"Loma," in ji ta. Wutsiyar ta kaɗa har zoben yana bugun ƙasa. Ta ɗago ta dubi Imanali. "Suruki, idan ta haihu, ɗaya na gidan nan ne. Ladan nonon akuya."

"Naki ne. Wa zai zaɓa?"

"Ni."

Shergazi ya buɗe baki. Ya dubi karyar. Ya rufe.

Ya fita da ita. Dattawa a bayansa, karnukan bola a bayan dattawa, Ucar yana kuka a garke kamar an yi masa rasuwa. A gida na farko wata mata ta leƙo.

"Baba, ina zuwa haka?"

"Kai amarya."

"'Yar wa?"

"'Yar Ucar. Wadda na ce ta mutu. Kauce."

A gida na biyu ma haka ya faɗa, a taƙaice, idonsa a kan hanya. A na huɗu ya ƙara da cewa sau biyu tana cin tseren Kockor. A bakin masallaci ya tsaya da kansa, ba a tambaye shi ba, ya nuna wa mutane zoben wutsiyarta, ya ce su gwada miƙe shi in za su iya. Kafin su kai ƙofar Orozbai yana bayanin yadda take yanka ta sama ta doka da kafaɗa, da kuma cewa irin wannan ba a koyar da shi, a jini yake, kuma duk kwarin nan gida ɗaya ne ke fitar da shi.

"Suruki," in ji Imanali daga baya, yana haki, "saura kaɗan ka ce da gangan ka ba direban."

Shergazi ya gyara hularsa, ya buga ƙofa.

"Wannan sai shekara mai zuwa," in ji shi.